Murar da Ba Ta Saɓa Alkawari

Fiye da shekara dubu da suka wuce, wani malami a yankin Khurasan mai suna Abu Zaid al-Balkhi ya yi fama da wata larura da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk shekara, da zarar sanyi ya wuce itatuwa sun fara toho, sai hancinsa ya toshe, majina ta tsinke, atishawa ta hana shi sakat. In lokacin ya wuce sai ya miƙe garau, sai kuma baɗi war haka. Babban likitan zamanin, Abubakar ar-Razi, wanda ya shugabanci asibitin Bagadaza kuma ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta 'yar risala a kan lamarin. Ya ɗora laifin a kan furen wardi, domin daidai lokacin da wardi ke buɗewa ne ciwon ke tashi. Masana tarihin likitanci suna lissafa wannan risala cikin bayanai na farko da aka yi a kan wannan ciwo.

Ar-Razi ya kama babban zaren: ciwon da ke zuwa a wata ɗaya duk shekara, ya tafi a wata ɗaya, akwai wani abu a waje da ke kawo shi. Inda aka daɗe ana laluɓe shi ne wane abu ne. A Ingila, wani likita mai suna John Bostock ya bayyana nasa ciwon a gaban 'yan uwansa likitoci a Landan a 1819, yana zargin zafin rana. Mutanen karkararsu kuma suka ce warin busasshiyar ciyawar dabbobi ne. Sai a 1873 wani likitan Manchester, Charles Blackley, wanda shi ma ciwon ke damunsa, ya warware gardamar da jikinsa. Ya riƙa tara garin furanni iri-iri yana shaƙa, yana sa wa idonsa, yana karce fatarsa ya shafa, ya ga wurin ya kumbura yana ƙaiƙayi. Har ya shafa wa 'yan gilasai abu mai danƙo, ya ɗaura su a jikin abin wasan nan na takarda da ake sakar wa zare iska ta ɗaga, ya aika su ɗaruruwan ƙafa sama. Da ya sauko da su ya ƙirga, sai ya tarar garin furen da ke can sama ya fi wanda ke kusa da ƙasa yawa. Ashe iskar da ake gani fes, cike take da kaya.

Duk wanda ya taɓa ratsa gonar gero lokacin da ya yi bununi ya san wannan gari. Shi ne ɗorawar ƙurar nan da ke manne wa riga. Masu dabino a Dutse ko Agadas sun fi kowa saninsa, tunda da hannunsu suke yanko furen namijin dabino su kai wa tamata, in ba haka ba 'ya'yan su zo a banza. Garin fure shi ne rabon namiji a haihuwar tsiro, kuma ƙwararsa ɗaya ba ta kai rabin kaurin silin gashi ba a galibin tsirran da ke damun mutane.

Tsiro ba ya tafiya, don haka dole ya sami ɗan aike. Wasu sun zaɓi ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwari. Su ne masu ado: launi mai ɗaukar ido, ƙamshi, ɗan zaƙi a gindin fure, duk don a jawo ɗan aiken. Garinsu mai nauyi ne da danƙo, an yi shi don ya manne a ƙafar ƙwaro, ba ya nisa a iska. Wardi na cikinsu, haka zoɓo, auduga, kabewa. Tumfafiya ma, duk da baƙin jinin da take da shi, nata garin a dunƙule yake cikin 'yar jaka, ƙwaro ne kawai ke iya ɗaukarsa. Wasu tsirran kuma iska suka ba wa amana, kuma tunda iska ba ta san adireshi ba, sai su saki gari ba adadi, mai sauƙi, busasshe, ko ɗaya cikin dubbai zai dace. Irin waɗannan ba su da abin da za su yi da ado. Furensu kore ne ko toka-toka, sau da yawa mutum zai wuce bai ma san fure ba ne. Akwai wani hakin Amurka da ake kira Ambrosia wanda tushe ɗaya kan saki ƙwara har biliyan guda a kaka ɗaya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa mai atishawa yakan yi kuskuren mai laifi. Idonsa na kan jan furen da ke ƙofar gida, alhali abin da ke shiga hancinsa daga juji ko fadama ko bayan gari ya taso, daga wani tsiron da ko kallo bai ishe shi ba. Wardin al-Balkhi ma da wuya a ce shi kaɗai ne. Ya dai yi rashin sa'ar buɗewa tare da ciyayi da itatuwan da ke barbaɗa garinsu a iska.

A ƙasarmu, binciken da masana tsirrai suka yi ta yi a kan iskar biranen Najeriya ya sha nuna cewa garin dangin ciyawa ne kan gaba. Gamba, kyasuwa, ƙarangiya, har da gero, dawa da masara, duk iska ce ke yi musu barbara, kuma lokacinsu ƙarshen damina ne zuwa kaka. Kacalla da ta cinye fadamun Haɗeja da Nguru ita ma haka take. Cikin ƙananan itatuwa kuwa, wadda ya kamata a sa wa ido ita ce zurma, wadda wasu ke kira cika-gida. Tana son juji da bakin kwata da kango, wato daidai inda mutane suke. Furenta na namiji fashewa yake yi ya watsa gari a iska, garin yana cikin waɗanda likitoci suka sani da tayar da hanci da ƙirji, kuma in ta sami danshi takan yi fure kusan duk shekara. Alayyahun daji mai ƙaya da ke fitowa a bola shi ma ɗan iska ne a wannan fanni. Sabara, geza, kargo da magarya kuwa ƙwari ne ke yi musu hidima, saboda haka sai wanda ya kusance su sosai, kamar mai sassabe ko mai yin itace, suke iya taɓawa.

To me ya sa mutum goma za su shaƙi iska ɗaya, tara su wuce lafiya, ɗaya ya kama atishawa? Garin fure ba guba ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba. Matsalar daga garkuwar jikin mai ciwon take. Ka ɗauka maigadi ne da ya taɓa ganin wani almajiri ya leƙo zaure, ya ƙudurta a ransa ɓarawo ne. Daga ranar, duk sanda yaron ya gifta sai ya busa usur, ya tashi unguwa, a fito da sanduna, a tattake shuka, a fasa tukwane, yaron kuwa ko tsinke bai ɗauka ba. Ɓarnar duk ta masu kawo ɗauki ce.

A zahiri abin da ke faruwa ke nan. Karon farko da garin ya sauka a hanci, jiki yakan ƙera wani sinadarin kariya da ake kira IgE, wanda ya dace da wannan garin kaɗai. Wasu ma'aurata 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Denver ta Amurka, da wasu masana a Uppsala ta Suwidin, su suka gano shi a tsakanin 1966 da 1967. Sinadarin yakan je ya zauna a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke jibge a fatar cikin hanci, ido da hanyoyin numfashi, yana jira. A wannan matakin mutum ba ya jin komai, shi ya sa wani zai shekara biyu ko uku a sabon gari lafiya lau kafin abin ya fara. Ranar da garin ya dawo, ƙwayoyin sai su fashe su zubo da histamin. Shi ne mai sa ƙaiƙayi, shi ke buɗe jijiyoyin jini ruwa ya tsattsafo, shi ke tsokano atishawa a jere, biyar, goma, har mutum ya rasa numfashin yin hamdala. Wannan cikin 'yan mintoci ne. Bayan awa huɗu zuwa takwas kuma sai zango na biyu ya zo, cikin hanci ya kumbura ya toshe. Wanda ya shaƙi garin da hantsi a gona, da dare zai kwana da baki buɗe, ya tashi da maƙogwaro a bushe, ya ce sanyin dare ne ya kama shi. Kuma yayin da kwanaki ke tafiya hancin na ƙara laushi, har ya kai ɗan abin da bai isa ya motsa shi a farkon lokacin ba, yanzu ya isa. Turaren wuta, hayaƙin girki, ƙamshin yaji, kowanne sai ya tayar da shi.

Halin yana bin jini. In uwa ko uba na da shi, ko asma, ko ƙyasbin yara mai ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, 'ya'ya sun fi kusa da samu. Abin da ake gada shi ne saurin zargin garkuwar jiki. Tsiron da za ta zarga kuwa ya danganta da inda mutum ya zauna.

Rarrabe wannan da murar da muka sani ba wuya, in an natsu. Mura ƙwayar cuta ce, ana ɗauka daga wani, takan zo da ciwon jiki da ɗan zazzaɓi da kaushin maƙogwaro, majinar ta fara da ruwa ta koma kauri, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ta tafi. Wannan larura kuwa, murar fure, ba ta kawo zazzaɓi, ba a ɗaukarta, majinarta ruwa ce tsararo daga farko har ƙarshe, kuma tana iya kai wata biyu. Babbar shaidarta ƙaiƙayi: hanci, ido, dasashi na sama, har can cikin kunne inda yatsa ba ya kai. Za ka ga yaro yana ta murza hanci da tafin hannu yana turawa sama, har wani layi ya fito a karan hancin, ƙasan idonsa ya yi duhu kamar bai yi barci ba. Da ma bai yi ba. Malamai da yawa sun kira irin wannan yaro malalaci a aji, alhali ya yi makonni bai sami barcin kirki ba.

Hunturu yana rikita lissafi. Hazon da ke taso mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, daga Nuwamba zuwa Maris, yana busar da hanci, yana kankare shi, yana sa kowa tari da atishawa, mai larura da marar larura. Wannan gurzar ƙura ce, ba rigimar garkuwar jiki ba, ko da yake wanda hancinsa ya riga ya kumbura tun kaka shi ya fi shan wuya, kuma iskar takan ɗebo garin fure da ƙurar funfuna ta haɗa da su. Wanda kuma atishawarsa ba ta san rani ba ta san damina, musamman da asuba ko in an kakkaɓe katifa, ya binciki cikin ɗakinsa: ƙananan halittun da ke rayuwa a ƙurar katifa da kafet, kyankyasai, kyanwa. A ido ma haka. Afolo yana bin gida ɗaya bayan ɗaya, yana zuwa da kwantsa da zafi, ya wuce. Idon da ke ƙaiƙayi duka biyu, yana hawaye, yana dawowa duk shekara, har farinsa ya rine ya koma ruwan ƙasa a wasu yara, wannan wani abu ne daban, kuma a asibitin ido ake duba shi.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ya shafe mu kai tsaye, mu da ke bakin hamada, domin a wurare da dama ɗan Adam ne da hannunsa ya dasa abin da ke sa shi atishawa.

A arewacin Sin, a yankin Yulin na lardin Shaanxi da maƙwabciyarsa Mongoliya ta Gida, akwai hamadar Mu Us, wadda rairayinta ya riƙa binne gonaki da gidaje. Tun daga shekarun 1950 hukuma ta tashi haiƙan don tsayar da shi. Cikin abin da ya fi yi musu aiki akwai wasu gajerun itatuwa 'yan dangin tazargade, masu jure fari, masu kama rairayi da saiwarsu. Har da jirgin sama aka riƙa watsa irinsu. Aikin ya ci, tuddan rairayi suka tsaya, ƙasa ta yi kore. Sai dai dangin tazargade iska ce ke yi musu barbara, kuma garinsu na cikin mafi tsanani a duniya. Yau daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ɗimbin mutanen waɗannan garuruwa a cikin takunkumi da jan ido suke yini, masu hali kuma sukan tattara yara su yi kudu har lokacin ya wuce. Hukumomin yankin sun koma suna tuge tsiron a kewayen birane suna maye gurbinsa da wasu.

Namu misalin ya fi kusa. Akwai wata ƙayar da aka kawo daga nahiyar Amurka, 'yar uwar ƙirya, wadda masana ke kira Prosopis juliflora, mutanen Sudan kuma ke ce mata meskit. An shigo da ita Sudan a 1917, aka yaɗa ta sosai bayan farin shekarun 1970 da 1980 don ta tsayar da rairayi ta ba da itace. Awaki da raƙuma suka ci 'ya'yanta suka baza irin a kashinsu, ta mamaye gonakin Kassala, Tokar da Sabuwar Halfa, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da ita. Har yau ana fama. A Nijar ma ta cika busasshen gindin Tafkin Chadi a jihar Diffa. An fi yin kuka da ƙayarta da yadda take shanye ruwan ƙasa da toshe hanyoyin ruwa, amma likitocin Kuwait, Saudiyya da Indiya sun daɗe da sanin garin furenta a matsayin babban mai tayar da murar fure da asma. Ko da yake ƙudan zuma na zuwa mata, tana yin fure da yawan gaske, na tsawon lokaci, kuma wani kaso na garin yana tashi a iska. A Kuwait, ita da wani gajeren tsiron ƙasa mai gishiri da ake kira Salsola su ne ke cika asibitin masu wannan larura a watannin Satumba da Oktoba. Mahajjaci ko ɗan ci-rani da ya je waɗannan ƙasashe ya kama atishawar da bai san ta a gida ba, kada ya ɗora wa na'urar sanyaya ɗaki laifin duka.

Ba ina cewa a bar hamada ta ci gari don gudun atishawa ba. Wanda rairayi ya binne wa gona ba zai saurari wannan magana ba, kuma yana da gaskiya. Amma tunda Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma jihohi goma sha ɗaya na arewacin Najeriya na ciki, ana ta raba dashe, ya dace a ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda aka saba yi. Ana tambaya ko itacen na jure fari, ko yana saurin girma, ko akuya na cin sa. A ƙara da: wa ke ɗaukar garin furensa, ƙwaro ko iska? Abin da za a dasa a tudun rairayi nesa da gari daban, abin da za a jera a harabar makarantar firamare ko asibiti daban. A nan manoman Maraɗi da Damagaram sun riga masana. Sassaben zamani da suka runguma tun shekarun 1980, inda ake barin kututturen gawo, kargo, sabara da magarya su sake toho a gona ana yi musu aski, ya farfaɗo da miliyoyin kadada da itatuwan gida, waɗanda galibinsu ƙwari ne ke yi musu barbara. Ba don hanci suka yi ba, amma hanci ya amfana.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a atishawa. Hanci da huhu hanya ɗaya ce, kuma yawancin masu asma suna da wannan larura ta hanci. Ranar 21 ga Nuwamba 2016, hadari ya taso wa birnin Melbourne na Ostareliya da yamma, a tsakiyar lokacin furen ciyawa. Iskar gaban hadarin ta tattaro garin, danshi ya farfasa shi ya zama ƙanana ƙwarai, waɗanda ke wuce hanci su shige can cikin huhu. Cikin 'yan awoyi dubban mutane suka cika asibitoci suna haki, motocin ɗaukar marasa lafiya suka kasa, mutum goma suka rasu. Da yawa cikin waɗanda abin ya kama ba su taɓa sanin suna da asma ba, murar fure kawai suka sani. Irin haka ta faru a Hohhot, babban birnin Mongoliya ta Gida, a farkon Satumban 2023, lokacin furen dangin tazargaden nan. Darasin mai sauƙi ne: mai wannan larura, in hadari ya haɗo a lokacin da ciwonsa ke tashe, ya shiga ɗaki ya rufe taga kafin iskar farko ta iso, ya bar wa wasu kwashe shanya. Ruwan sama mai nutsuwa kuwa alheri ne, yana wanke iska. Kuma duk wanda atishawarsa ta fara haɗuwa da tarin dare, ko ƙirji na kuka, ko nauyin numfashi in ya yi sauri, maganarsa ta wuce kemis. In numfashi ya kai mutum ba ya iya ƙarasa jimla, ko leɓe ya canza launi, asibiti ake nufa a lokacin, ko tsakar dare ne.

A kemis ɗin ne ma aka fi yin ɓarna. Mutum zai je ya ce mura, a haɗa masa kafso na kashe ƙwayoyin cuta, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da na tari. Babu ɗaya a ciki da ya san hanyar histamin. Kuɗi sun tafi, kuma an ƙara koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Piriton, wanda kowa ya sani, yana aiki, amma yana kawo barci da sanyin jiki har washegari. Direban mota, ɗan acaɓa, mai Adaidaita Sahu, mai aiki da injin niƙa ko ɗalibi mai jarrabawa su yi hattara da shi. Akwai 'yan bayansa, irin su cetirizine da loratadine, da ake sha sau ɗaya a yini, waɗanda barcinsu bai kai nasa ba, kuma ba su da tsada.

Abubuwa uku ne na fi jin tsoro. Na farko maganin ɗigawa ko fesawa a hanci mai buɗe shi nan take, irin su Otrivin. Daɗinsa ne haɗarinsa. In aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi, hancin yakan koma ya toshe fiye da da, sai an ƙara, har mutum ya zama ba ya fita sai da kwalbar a aljihu. Na biyu maganin ɗigawa a ido mai sinadarin sitiroyid, kamar dexamethasone. Uwa za ta ga ya kwantar wa yaro da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya, ta mayar da shi abin kullum ba tare da likita ba. A hankali yana iya haddasa hawan jinin ido ko yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na uku allurar sitiroyid mai daɗewa a jiki, wadda wasu ke zuwa a yi musu duk shekara, ko ƙwayoyinsa da ake sha ba ƙa'ida. Suna tayar da sukari da hawan jini, suna cin ƙashi. Ruwan albasa, ruwan sukari ko nonon uwa a ido kuwa, ko kusa.

Abin mamaki, maganin da likitoci suka fi yarda da shi ga mai toshewar hanci shi ma sitiroyid ne, amma na fesawa a hanci, kamar beclometasone, fluticasone ko mometasone. Bambancin shi ne ɗan kaɗan ne, a inda ciwon yake yake tsayawa, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. Mutane kan yar da shi don sun fesa yau ba su ga canji ba. Ba haka yake aiki ba. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya kama, kuma ya fi amfani in an fara shi kamar mako biyu kafin lokacin ciwon, a ci gaba kullum har lokacin ya fita. A sunkuyar da kai kaɗan, a karkata bakin kwalbar wajen kunne, nesa da bangon tsakiyar hanci, kada a zuƙa da ƙarfi har ya gangara maƙogwaro. Tunda yawanci sau ɗaya ne a yini, mai azumi na iya mayar da shi bayan buɗa-baki. Mai juna biyu, mai shayarwa da ƙaramin yaro, sai da shawarar likita. Ga wanda duk wannan bai isa ba, likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko na ƙirji zai iya tura shi gwajin fata, jikan wanda Blackley ya yi wa kansa: a ɗiga ruwan garin tsirrai daban-daban a dantse, a ɗan tsikara, cikin minti goma sha biyar wanda jiki ke rigima da shi ya tasa. Akwai kuma hanyar horar da garkuwar jiki da ɗan ƙaramin garin a kai a kai, wadda Leonard Noon ya fara a Landan a 1911. Tana ɗaukar shekara uku ko fiye, tana da tsada, kuma a hannun ƙwararru kaɗai ake yin ta.

Shawarwarin da ake karantawa a intanet galibi don masu wutar lantarki aka rubuta su: rufe tagogi, kunna na'urar sanyaya ɗaki, sayi matatar iska. Wanda ke kwana a tsakar gida a watan Afrilu don zafi sai dai ya yi dariya. Amma akwai abin da kowa ke iyawa. Wanke hanci da ruwan gishiri yana fitar da garin kafin ya yi aiki: giram tara a lita ɗaya, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi, a ruwan da aka tafasa ya huce. Mai alwala ya riga ya saba da shaƙa ruwa da fyacewa sau biyar a yini, sai dai ya ƙara kyautata shi a wannan lokaci, ya wanke ido da ruwa mai tsabta. In an dawo daga gona ko daji a cire kayan a waje, a watsa ruwa, a wanke gashi da gemu kafin a hau shimfiɗa, don kada a kwana da garin a matashi. Kayan shimfiɗar mai larura a shanya su a rumfa ko a ɗaki. Takunkumi, ko amawalin rawani, ko gefen mayafi, da tabarau, suna rage abin da ke shiga, musamman a kan babur. Ɗan man Baselin a bakin hanci yana kama wani abu. Tsumma mai sanyi a kan ido ya fi murza shi.

Ana yawan cewa shan zumar yankinku na sa jiki ya saba da garin furen yankin. Zuma abu ne mai albarka, tana lallashin maƙogwaro, tana sassauta tari, ban da jaririn da bai cika shekara ba, wanda ba a ba shi ita sam. Amma a wannan batu gwaje-gwaje ba su tabbatar da zancen ba, kuma dalilin a fili yake: ƙudan zuma furanni masu ado ya fi bi, masu garin danƙo.

Kayan aikin da ya fi duka arha shi ne biro da takarda. A rubuta ranar da abin ya fara da ranar da ya lafa, inda aka je, da abin da ke fure a kewaye: gero ya yi bununi ne, ko an fara yankan ciyawa, ko mangwaro da darbejiya sun yi fure, ko zurmar bayan katanga ta fitar da kai. In aka yi haka shekara biyu, sau da yawa mai laifin zai fito da kansa, likita ya sami abin kamawa, mai ciwon kuma ya san makon da zai fara feshin hancinsa tun kafin atishawar farko. In binciken ya nuna wani tsiro ne a gindin taga ko bayan ɗaki, a sare shi tun bai yi fure ba, a tuge saiwar. Wani ne zai yi aikin, ba mai larurar ba, kuma kada a tara shi a cinna masa wuta a tsakar gida, don hayaƙin ma tayar da ƙirji yake. Zurma kuwa a kula da 'ya'yanta wajen kwashewa, domin guba ne ga yara da dabbobi in suka tauna.